Keken Guragu Zuwa Lamu

Bari in fara wanke kaina, ni ba mutumin yawo ba ne. Na daɗe a Dubai ina kula da ɗakunan sanyi na wani kamfanin nama da kifi a Al Qusais, kuma iyakar yawona daga ɗakinmu na Al Muraqqabat zuwa tashar jirgin ƙasa, daga jirgi zuwa aiki. Ranar hutu in zauna gaban farantin shinkafa har sai wandona ya nemi afuwa. Mubarik ne ya ja mini. Ɗan Zangon Kumasi ne, mai gadi a wani ƙaramin otal a Al Buteen, ɗaki ɗaya muke kwana. Ya ga Turawa suna shigo musu da jakar goyo a baya, sai ya ɗauka duniya ta tafi ta bar mu.

"Kawu, chale, mutumina, kai in an ba ka hutu sai ka zube kamar buhun masara. Mu je gaɓar tekun Kenya mana. Jaka ɗaya a baya, kalas, shi ke nan. Tsofaffin garuruwa, rairayi, kifi, komai araha."

Na yarda. Wannan bai zama laifi ba. Laifin ya zo ne a wurin aiki, ranar da nake sallama da mutane. Akwai wani Usmanu mai tuƙa motar ɗaga kaya, su a can Athumani suke ce masa, mutumin tsibirin Lamu ne, wato zangonmu na ƙarshe. Da na zo gabansa sai bakina ya yi abin da bakin kowane Bahaushe yake yi. Na ce masa da Turanci, "To zan bi ta garinku, ko akwai saƙo?" Jama'a, ku shaida. A garinmu Ringim in ka faɗi haka, amsar ɗaya ce: a gaida mutanen gida. Shi ke nan, kowa ya kama gabansa da mutuncinsa. Usmanu kuwa ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Mzee, Allah ne ya aiko ka." Mzee ɗin nan dattijo ke nan a bakinsu.

Washegari ya zo mini da keken guragu. Sabo fil, naɗe cikin leda, mai nauyin ɗan maraƙi.

"Na mahaifiyata ne, ƙafafunta sun ƙi. Hannu da hannu, Mzee. Kada ka ba kowa sai ita."

Mubarik da ya ga na shigo da shi ɗaki sai da ya dafa bango. "Kawu, ka ce ba za ka iya ba mana!"

"Da wane bakin? Ni na tambaya."

Abin da aka caje ni a filin jirgi kan wannan ƙarfe ba zan faɗa ba, don matata tana karatu.

A Mombasa muka sauka. Ni da nake aiki inda kifi yake ƙanƙarewa, sai ga ni a garin da iska kanta gumi take yi. Mai adaidaita na farko ya dube mu, ya dubi keken, ya ce mu uku ne. Na ce ina na ukun? Ya nuna keken. Na ce wannan ba ya numfashi. Ya ce amma yana zama. Nan na fara gane irin ƙasar da na shigo da irin kayan da na shigo da shi.

Masaukin da Mubarik ya kama mana ta waya, wanda ya rantse mini yana kallon teku, yana can saman wani bene mai matattakala kamar ta hawa rumbu. Tekun kuwa akwai shi, in ka hau kan bokiti a banɗaki ka leƙa ta tsakanin tankuna biyu. Ɗaki ɗaya, gadaje masu hawa biyu, mutane kamar sansanin alhazai. Aka ba ni gadon sama. Ni! Da na hau, Baturen da ke ƙasa ya fito da sauri ya koma tsakar ɗaki da matashinsa, kuma ban ga laifinsa ba. Safar wannan bawan Allah kuwa, da za a jefa ta teku da kifin Mombasa ya yi hijira. Mai masauki ya ce keken ya tare hanya, sai an biya masa kuɗin wuri. Na biya, ina haɗiyar zuciya.

Ɗakin ba makulli, saboda haka duk inda za mu, da keken muke tafiya. Mutane suna ta yaba tsohon garin Mombasa, wai ƙofofin katako masu sassaƙa, wai barandar da ta fi kakan kakana shekaru. Ku tambayi Mubarik. Ni abin da na gani a tsohon garin Mombasa shi ne ramukan titi. Zan iya zana muku su ɗaya bayan ɗaya. Ina tura keke babu kowa a ciki, tsofaffin mata suna matsawa gefe suna yi mini sannu da fuskar jaje, sun ɗauka mai keken ya riga mu gidan gaskiya. Wani ɗan tsurut mai jar hula ya manne mana ba wanda ya kira shi. Duk ƙofar da muka wuce sai ya nuna ya ce, "Tsohuwa ce." Har ƙofar shagon cajin waya. Da muka kai tsohuwar ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a bakin ruwa, ya miƙo hannu wai ladan jagora, da ladan gadin keke. Na ce wane gadi, keken da bai bar hannuna ba? Ya ce ai da idonsa yake gadinsa. Na zage shi da Hausa tun daga kan hular har ƙasa, ya tsaya yana murmushi yana cewa na iya waƙa.

Mubarik ya ce, "Kawu, tunda dai muna turawa, mu ɗora jakunkunanmu a kai mana."

"Kul! Kayan mutane ne. Yadda aka ba ni haka zan miƙa shi."

"To kai ka zauna in tura ka, ko sadaka ma samu."

Ban yi masa magana ba har la'asar.

Daga Mombasa muka nufi arewa a ƙaramar bas da suke kira matatu. Kwandasta ya fizgi keken zai ɗaure shi a sama tare da kwandon ɗanyen kifi da wata igiya da ko akuya ba za ta riƙe ba. Na ce sai dai a ɗaure ni tare da shi. Aka shigo da shi ciki, na biya masa kujera, ya zauna kusa da ni kamar amarya. Duk ramin da direba ya faɗa, hannun keken sai ya gaisa da haƙarƙarina. Kiɗa kuwa a motar nan, har cikon haƙorina sai da ya motsa.

Watamu ita ce wurin rairayin da Mubarik yake mafarki. Gaskiya Allah ya yi halitta a wurin. Rairayi fari kamar garin tuwo, ruwa kore shar, kana hango ƙasansa. Amma wanda ya ƙera keken guragu bai taɓa zuwa bakin teku ba. Taya ta nutse, na ja, na tura, na roƙa, ƙarshe na ɗauke shi a ka kamar mai tallan itace. Mubarik ya tuɓe ya faɗa ruwa yana ihu kamar an biya masa Makka. Ni kuwa ina zaune a gindin kwakwa da doguwar riga, ina gadin ƙarfe. Samarin bakin ruwa suka yanyame ni. Wannan zai kai ni ganin kifi mai wasa, wancan zai sayar mini da ƙwarangwal ɗin kaguwa, wani ya ce in ba shi hayar keken ya riƙa ɗaukar tsofaffin Turawa mu raba riba, wani ya ce kawai in sayar masa, ai mai shi ba zai sani ba. Na kore su. Iska ta kaɗa, ido ya yi nauyi.

Sanyi a ƙafa ne ya tashe ni. Ashe tekun nan tafiya yake yi. Inda na bar shi ɗazu can nesa, yanzu ya iso har gindin kwakwa, tayoyin keken suna cikin ruwan gishiri. Na sunkuce shi na zura da gudu. Mutanen da suka ga gudun nan har yau suna ba 'ya'yansu labari. Ruwan gorar da muka saya don sha, da shi na wanke tayoyin, na bi kowane ƙusa da man kwakwa don kada ya yi tsatsa. Mubarik ya fito yana ɗiga, ya tarar ba ruwan sha.

"Kawu, wallahi kai ba yawo ka zo ba, dako ka zo. Shekara guda ina tsaye a ƙofar otal ina buɗe wa mutane ƙofa don in ga wannan ruwa, ka mayar da ni ɗan rakiyar keke!"

"Wa ya kawo maganar tafiyar? Ina kwance lafiya da fankata!"

"Wa ya aike ka tambayar saƙo? A Kumasi ma mun daina wannan!"

"Shi ya sa ba a ba ku amana!"

Wannan ta yi zafi, na sani. Ya ɗauki jakarsa ya koma wani masaukin. Washegari ni kaɗai na je kufan Gede, wani tsohon birni da daji ya cinye, masallatai da rijiyoyi da fadar da itatuwa suka tsiro a tsakiyarta. Wuri ne da ya kamata mutum ya tsaya ya tuna ƙarshen duniya. Na jingina keken, na ɗaga kai ina kallon wani mihrabi, ko minti ban yi ba na ji kyat. Birai. Ɗaya ya hau ya zauna daram kamar hakimi, sauran suna yagar ledar suna leƙa ciki ko akwai ayaba. Ledar da na kare daga kwandasta da gishiri! Na bi su da takalmi ina kabbara. Mai karɓar kuɗin ƙofa ya zo ya ce in daina tsorata dabbobi. Na ce su wa ke tsorata wa?

A Malindi na sami sauƙin da ban zata ba. Na shiga wani masallaci kusa da tashar mota da azahar, ina ta dabarar yadda zan yi salla idona na kan keke. Ladanin, wani tsoho siriri mai jan gemu, ya lura. Da ɗan Larabcinsa da ɗan nawa na ba shi labari. Bai yi dariya ba, shi ne mutum na farko a ƙasar da bai yi ba. Ya buɗe ɗakin ajiya, ya tura keken kusa da makara, ya kulle, ya sa makullin a aljihuna. Na kawo kuɗi, ya ture hannuna kamar na miƙa masa garwashi. Ya zaunar da ni ya ba ni shayi mai kayan ƙamshi da wani soyayyen burodi mai kama da fanke. Da ya tashi kiran la'asar, muryarsa ta karye a daidai inda ta ladanin unguwarmu take karyewa. Sai na ji kewar Ringim ta taso mini. Kwana da kwanaki komai na ci da madarar kwakwa a ciki, wake da kwakwa, kifi da kwakwa, ina jin ko ruwan alwala an ɗiga masa. A ranar nan, da za a nuna mini tuwon dawa da miyar kuka, da na ba da fasfo ɗina.

Na fito na zaga gari hannu sake, ina kaɗa su kamar wanda aka sako daga kurkuku. A tasha na tarar da Mubarik zaune kan jakarsa, da tikiti biyu a hannu.

"Ina amaryar taka?" in ji shi.

"Tana masallaci."

"Allah ya shirye ta."

Na koma na karɓo keken, muka kama hanya. Hanyar Lamu doguwa ce, kuma akwai shingayen jami'an tsaro, inda kowa zai sauko da kayansa a duba. Kowa ya sauko da jaka, ni in sauko da jaka da keke, in buɗe, in naɗe, in mayar. A wani shingen jami'in ya tambaye ni ina marar lafiyar. Na ce tana Lamu. Ya ce mece ce ita a wurina? Na ce ban taɓa ganinta ba. Ya dubi fasfo ɗina, ya dube ni, ya kira abokinsa ya zo shi ma ya dube ni. A bakin ruwan da ake tsallakawa tsibirin, mai kwalekwale ya ce jirgin jama'a ya tashi, sai dai mu ɗauki shata. Muna biya, muna zama, sai ga jama'ar da aka ce sun tashi suna shigowa ɗaya bayan ɗaya da buhunansu, har da mai kaji. Na buɗe baki zan fara, Mubarik ya ce, "Kawu, bari sai mun sauka, ba ka iya ruwa ba." Da muka isa, shi ya ɗora keken a kansa ya haura matattakala mai santsi.

Lamu ba mota, sai jakuna. Lunguna ƙunci kamar an tsaga su da wuƙa, in jaki ya taho dole ɗayanku ya ja da baya, kuma jakin Lamu bai san wannan magana ba. Muka yi ta tambaya da sunan Usmanu har aka kai mu wani tsohon gida na farin dutse. Ƙanwarsa Zainabu ta buɗe mana, mace mai 'ya'ya, tana jin Turanci. Ta ga keken, fuskarta ba ta yi abin da na sa rai ba.

Tsohuwar tana kwance a gadon igiya a ɗakin ƙasa, an juya gadon yana kallon ƙofar shigowa. Na durƙusa na gaishe ta yadda ake gaida uwa, Zainabu tana fassarawa. Na gyara ragowar ledar da birai suka bari, na tura keken gaban gadon, na ce, "Mama, ga saƙon ɗanki Usmanu. Ya ce hannu da hannu."

Ba ta miƙo hannu ba. Ta leƙa bayana, ta leƙa bayan Mubarik.

"Tana tambaya, shi yana ina?" in ji Zainabu.

"Yana wurin aiki, Mama. Lafiyarsa ƙalau, yana gaishe ki."

Tsohuwar ta nuna kusurwar ɗaki da haɓa. Kwalaye ne jere har kusan rufi: fanka, talabijin, tukunyar lantarki, bargo. Zainabu ta ce duk shekara haka yake yi, sai ya sayar wa kamfani hutunsa, ya sayi kaya ya aiko. Rabonsa da gida tun tsohuwar tana zuwa kasuwa da ƙafarta.

Sai tsohuwar ta yi magana mai ɗan tsawo, a hankali, tana kallona. Zainabu ta ƙi maimaitawa, sai da uwar ta daka mata tsawa sannan ta fassara.

"Ta ce waɗancan ta karɓa, don tana cewa bai san halin da take ciki ba. Wannan kuwa ya nuna ya sani. Ya san ba ta iya tashi, ya je ya auna, ya zaɓa, ya biya, sannan ya ba baƙo ya kawo. Ta ce ka mayar masa. Wanda ya saya shi ya zo ya tura ta."

Na ji kamar an kwaɗa mini tabarya. Na ce a'a, Mama, ki tsaya ki ji. Na kwashe labari tun daga mai adaidaita, na ƙara gishiri, na ƙara barkono. Na ce birai ɗari ne, na ce teku ya bi ni har cikin gari. Na tashi na gwada mata gudun da na yi da keke a ka. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Zainabu tana bubbuga mata baya. Da ta lafa ta share ido ta ce in zauna in ci abinci, ni ɗan kirki ne, uwata ta iya haihuwa. Keken kuwa ko da ɗan yatsa ba ta taɓa shi ba. Na kira Usmanu a waya, ba ta shiga, yana cikin ɗakin sanyi. Ta ce ko ta shiga kada a kawo mata, ta gaji da ganin ɗanta a tafin hannu.

A zaure Mubarik ya ja ni gefe. "Kawu, jingina shi bayan ƙofa mu gudu. Ka kawo, Allah ya gani." Zainabu ma ta ce ko a ɓoye a gidan maƙwabta, wata rana za ta sauko. Na so in yarda, wallahi haƙarƙarina ma ya so. Amma an ce mini hannu da hannu, hannun kuma ya ƙi. Kuma yanzu ita ma ta ba ni nata saƙon, ta dube ni ido cikin ido ta ba ni. In na bar keken a nan, Usmanu zai ce an kai, ya kwanta ya yi barci, baɗi ya aiko da wani kwalin.

Na ce, "Ɗauki gaba, in ɗauki baya."

Kwalekwale, shingaye, matatu, filin jirgi, duk muka sake bi. Ba zan ba da labarin komowa ba, likita ya hana ni abin da ke tayar da jini. Abin da zan ce kawai, a duk tsawon hanyar ina tsara zagin da zan yi wa Usmanu. Na shirya shi baiti-baiti, da Turanci, da Larabci, da Hausa don ƙarashe.

Ranar da na koma aiki na jira lokacin cin abincin rana, sa'ar da ɗakin cin abinci yake cike. Na turo keken ta tsakiyar tebura, taya ɗaya tana kuka, kowa ya bar cokali. Na tsayar da shi gaban Usmanu. Ya miƙe da murmushi zai rungume ni, sai ya ga abin da ke gabansa.

Na ce, "Ga kayanka. Ga kuma saƙon mahaifiyarka, yadda ta faɗa zan faɗa, ba ragi." Na maimaita masa maganarta kalma bayan kalma, har da wanda ya saya ya zo ya tura. Na ja numfashi zan shiga baitin farko na zagin.

Ya zauna a hankali. Ya kai hannu ya cire wani ɗan rairayi da ya maƙale a jikin tayar, yana murza shi da yatsa. Bai tambayi abin da na kashe ba, bai ba ni haƙuri ba.

"Mzee," ya ce, "yaya ka gan ta?"

Ni da ban taɓa ba da labari ban ƙara masa gishiri ba, na duba ko'ina na rasa inda zan ƙara.

Na ce, "Ta rame, Usmanu. Kuma gadonta ƙofa yake kallo."

Ya bar abincinsa a buɗe. Ya kama hannayen keken ya tura shi waje, ya bi dogon barandan da ke zuwa ofishin manaja, muna jin kukan tayar har ya sha kwana.